Waiwaye: Yadda ake ta rage wa manyan dainoso tsawo da nauyi

A shekarar 1878 wani masanin Amurka, Edward Drinker Cope, ya wallafa bayanin wani guntun ƙashi da aka haƙo a jihar Kolorado. Ɓangare ne na gaɓa ɗaya daga gadon bayan dainoso, irin masu dogon wuyan nan da ke cin ganye, waɗanda wasu ke kira kakan ƙadangare. Cope ya ce tsayin guntun mita 1.5 ne, ya zana shi, ya raɗa wa dabbar suna Amphicoelias fragillimus. Daga nan ƙashin ya yi ɓatan dabo, sai zanen da alƙaluman kawai suka rage.

A kan wannan zane wani masanin dainoso, Kenneth Carpenter, ya yi lissafi a 2006. Ya ɗauka dabbar ta yi kama da Diplodocus, wani dainoso mai dogon wuya wanda aka san ƙirarsa sosai, sai ya faɗaɗa kowace gaɓa daidai gwargwado. Amsar ta fito mita 58 da tan 122, nauyin giwaye kusan ashirin ke nan.

Dillalin kara ma da ido yake kintatar nauyin sa, amma sa ɗin na tsaye a gabansa, yana iya shafa tozonsa. Masu wannan fage kuwa babu nama, babu fata, sau da yawa ko rabin ƙasusuwan babu. Kuma nauyi ba ya bin tsawo sau da ƙafa: in aka ninka girman dabba sau biyu, nauyinta sau takwas yake ninkuwa. Kuskure kaɗan a awon ƙashi sai ya haifi tan-tan masu yawa.

Ko inda ƙasusuwa suka wadata ba a tsira ba. Tsakanin 1909 da 1913 Jamusawa sun haƙa a Tendaguru, cikin Tanzaniya ta yau, suka kwashi ƙasusuwan da aka harhaɗa a gidan tarihi na Berlin. Ita ce dabbar da yanzu ake kira Giraffatitan, kanta ya haura mita 13 daga ƙasa. A 1962 Edwin Colbert ya auna cikar wani ɗan ƙaramin mutum-mutuminta ta hanyar binne shi a yashi, ya ninka, ya ce tan 78. Matsalar ita ce mutum-mutumi yana bin hannun wanda ya ƙera shi. In ya cika masa tumbi, dabba ta yi ƙiba. A 2012 masana daga Jami'ar Manchester suka ɗauki surar ƙasusuwan da hasken leza, suka lulluɓe su da fata a kwamfuta, suka ƙara kashi 21 cikin ɗari bisa abin da suka gani a manyan dabbobi masu shayarwa na yau. Sai ga tan 23. Ƙasusuwan dai su ne na jiya.

Akwai wata hanyar daban, wadda Nicolás Campione da David Evans suka inganta a 2012: a auna kewayen ƙashin cinya da na damtse, tunda su ke ɗaukar kaya, a gwada da dabbobin da ke raye. Da ita aka ba Dreadnoughtus, wani dainoson Ajantina, tan 59 a 2014, jaridu suka ɗauka. Shekara na zagayowa wasu masana suka sake gina jikinsa a kwamfuta, suka ce ko tan 40 bai kai ba. A ganina wannan saɓani ya fi kowane alƙalami amfani, domin shi ke nuna faɗin kintacen da kanun labarai ke haɗiyewa.

Wani abin da ya sauya lissafi shi ne iska. Gaɓoɓin wuya da bayan waɗannan dabbobi cike suke da kogunan iska kamar na tsuntsaye, don haka jikinsu bai kai nauyin da girmansa ke nunawa ba. Nigersaurus, wanda aka haƙo a Gadoufaoua cikin hamadar Nijar, Paul Sereno da abokan aikinsa suka ba shi suna a 1999, wasu ƙasusuwansa har haske na ratsa su don rashin kauri. Tsawonsa mita 9 ne kacal.

Zuriyar da Nigersaurus ɗin nan ya fito daga cikinta ce ta shigo labarin ƙashin Cope. Da ma wasu sun fara zargin ko kuskuren ɗab'i ne ya kumbura awon 1878. A 2018 Carpenter da kansa ya koma kan zanen, ya ce ƙirar gaɓar ta fi kama da ta wannan zuriya, wadda gaɓoɓin bayanta ke da tsayi sosai in aka gwada da jikinta. Ya sauya wa dabbar suna zuwa Maraapunisaurus, ya mayar da tsawonta mita 30 zuwa 32. Kusan rabinta ya tafi, alhali babu wanda ya taɓa ƙashin, domin har yanzu ba a gano inda yake ba.