Waiwaye: Asalin sunayen tsofaffin motocin kwana na Volkswagen

Mai neman tsohuwar bas ɗin Volkswagen da ake kwana a cikinta, abin da kan fara ruɗa shi shi ne Type 2 da T2, don ba abu ɗaya ba ne. A Maris 1950 aka fara ƙera bas ɗin a garin Wolfsburg na Jamus, bisa zanen da Ben Pon, dillalin mota ɗan ƙasar Holan, ya yi a 1947. Ƙaramar motar nan mai ƙusumbi, wato Beetle, ta riga ta karɓe Type 1, sai bas ta zama Type 2. T1 da T2 da T3 kuwa zamanin ƙira suke nufi: mai gilashin gaba rabe biyu har 1967, mai gilashi guda har 1979, sannan mai kusurwoyi, wadda a Amurka ake ce wa Vanagon, a Ingila T25.

Kombi guntun kalmar Jamusanci ne, ma'ana mota mai haɗa fasinja da kaya, ana cire kujerunta a mayar. Irinta ce ta fara zama danfo a Legas. Samba ita ce ta masu hali, mai taga 23 daga 1951, daga baya aka rage zuwa 21. A kasuwar 'yan tara tsofaffin motoci, waɗannan tagogi biyu kaɗai kan sauya farashi sosai.

Inda labarin ya fi daɗi shi ne Westfalia. Da yawa sun ɗauka samfurin mota ne, alhali kamfani ne a garin Wiedenbrück na Jamus da ke karɓar bas ya shirya mata gado da kabad da wurin girki. A 1951 ya fara da akwatin kayan kwana da girki da ake sakawa cikin motar ranar hutu, a sauke in za a koma aiki. Sai lambobi irin su SO-23 da SO-42 suka biyo, SO ɗin na nufin ƙira ta musamman. Daga baya aka koma sunayen birane: Oslo, Helsinki, Berlin. Ba a can aka yi su ba, tsarin ciki kawai sunan ke faɗa. A Berlin, misali, kayan girki da kabad duk suna jere a gefe guda, bayan direba.

Ingila ma tana da nata masu shiryawa, Devon da Dormobile mai rufin da ke ɗagawa ta gefe. Tambari dai kowa na iya saya ya manna, shi ya sa masana kan fara leƙa bayan kujerar gaba, inda ɗan farantin ƙarfe ke ɗauke da lambobin abin da motar ta baro masana'anta da shi.