Waiwaye: Tun kafin "Da ɗumi-ɗumi" akwai dutsen mai jarida

Makon jiya a majalisarmu ta Tudun Wada, wani abokinmu ya dire kofin shayi ya kama salati, wai ga shi an rubuta a waya, "Innalillahi, an yi babban rashi." Kafin a buɗe labarin har an soma lissafa dattawan da aka san suna kwance. Da aka danna, ashe wata ƙungiyar ƙwallo ce ta Ingila aka lallasa. Nan gardama ta kaure, irin wadda ake ta yi a Facebook kwanan nan, wai yaran da ke da shafukan labarai ne suka ɓata aikin jarida, su suka ƙago kanun da ke jan mutum kamar raƙumi da akala. Ban ce ba sa yi ba. Amma a ce su suka fara, wannan kam an naɗa musu rawanin da ba nasu ba.

Mu Zazzagawa ya kamata mu fi kowa sanin tarihin nan, tunda a gidanmu aka yanke wa abin cibi. A watan Janairun 1939 Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya, Malam Abubakar Imam ne edita, tare da Dokta Rupert East na Hukumar Talifi. Sunan kansa talla ne, don kwabo ɗaya ake sayar da ita. Cikin dalilan kafa ta har da kashe ji-ta-ji-tar da ta cika ƙasa gab da yaƙin Hitila, cewa za a miƙa Nijeriya ga Jamus. A 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tukur-Tukur. A shekarun 1950, zamanin Yaƙi da Jahilci, hukumar adabi ta Jihar Arewa, wato NORLA, ta fito da jaridun larduna masu sunaye kamar kirari: Bazazzaga tamu, Sodangi ta Kano, Himma ta Katsina, Zaruma ta Sakkwato. A 1966 New Nigerian ta soma fitowa a Kaduna, Gaskiya ta koma ƙarƙashin inuwarta.

A duk tsawon wannan zamani kan labari ba shi da wani nauyi a wuyansa. An riga an sayi jaridar, mutum ɗaya mai ilimin boko zai zauna a zaure ya karanta wa jama'a tun daga shafin farko har wasiƙun masu karatu. Kai kamar sallama ne, ana amsawa a shiga ciki.

Inda aka yi kwana, wanda ba a cika ambata ba, tsakiyar shekarun 1980 ne. Darajar naira ta faɗi, takardar ɗab'i da tawada suka yi tsada, kuɗin jarida ya tashi, aljihun ma'aikaci ya ƙi binsa. Mutane ba su daina son labari ba, saye suka daina. Sai aka koma tsayuwa a kan mai jarida.

Duk wanda ya taso a garin nan ya san wannan taro, ko a PZ, ko a bakin ƙofar jami'a a Samaru, ko a Kongo. Mai jarida ya shimfiɗa kayansa a ƙasa, kowace ya ninke ta biyu, ya ɗora mata dutse. Ya ce don iska ne, amma kowa ya san don hannuwanmu ne. Mutum ashirin sun yi da'ira, hannaye a baya kamar masu jiran sallar gawa, wuya a karkace. Mai keke ya dafa ƙasa da ƙafa ɗaya, ya karanta abin da ya samu, ya taka ya wuce. Na san wani dattijo, tela ne, da ya shekara goma yana fashin baƙin siyasar ƙasar nan a shagonsa alhali bai taɓa ganin abin da ke ƙasan ninkin ba. In ka tsugunna ka ɗaga dutsen da ɗan yatsa, sai ka ji murya daga sama: "Malam, saye za ka yi?" Daga baya aka yi sulhu, ka ba da 'yan canji ka karanta a tsaye ka mayar, amma kada ka yamutsa, don wadda ba a sayar ba komawa za ta yi.

To, ka ɗauka kai ne mai tsara shafin farko, ka kuma san rabin shafi kawai za a gani, daga nesa, a tsakanin kafaɗun mutane. Me za ka yi? Haruffa suka yi ƙiba, kalmomi suka ragu. Kowane saɓani ya zama "dambarwa", kowace amsa ta zama "martani mai zafi", ba a ƙara korar kowa daga aiki ba sai dai a yi "waje rod" da shi. Labarin da ya fi daɗi kuwa a ba ka layi uku a katse, a rubuta "duba shafi na 2". Wannan "duba shafi na 2" shi ne kakan "danna nan", kamar an tsaga kara. Burin ɗaya ne, a sa mai tsayuwa ya sa hannu a aljihu. Gidajen rediyo kuma suka riƙa karanto kanun jaridu da safe, sai ya zama ko tsayuwar ma ba dole ba ce, kana shan koko kai zai iso maka, gangar jiki tana can ƙarƙashin dutse.

Ni a ganina a nan muka yi makarantar, mu masu karatu da masu rubutu baki ɗaya. Shekara wajen ashirin muna koyon yanke hukunci daga layi ɗaya kafin waya mai intanet ta shigo hannunmu. Da ta zo, ta tarar da ɗalibai sun riga sun yi sauka.

Akwai ma wani reshen karatun da ba a ba shi haƙƙinsa, na wajen mai tsire da mai ƙosai, inda tsohuwar jarida ke ƙare rayuwarta. Nan kan samu rabin kai, mai ya cinye sauran. Ina yaro an taɓa aikena sayen tsire, na dawo da takarda mai ɗauke da "An kama wani mai unguwa da", daga nan an yage. Baffana ya juya ta gaba da baya, ya ɗaga ta saitin fitilar ƙwai, ƙuli-ƙuli na zuba masa a riga. Daga ƙarshe ya ba ni kuɗi ya ce in koma in ƙaro tsinke biyu, in kuma roƙi mai tsiren ya naɗe mini a ɗaya rabin. Na je na tarar ya riga ya naɗe wa wani.