Me Ya Sa Ake Ɗaukar Mawaƙan Kanada A Matsayin 'Yan Amurka?

Tambayi masu sauraron waƙoƙin Turanci ƙasar Drake, da yawansu za su ce maka Amurka. Haka za su ce game da Celine Dion da Justin Bieber da The Weeknd. Alhali dukkansu 'yan Kanada ne, a can aka haife su, a can suka tashi.

Daga wane ɓangaren Kanada suka fito?

An haifi Celine Dion a 1968 a Charlemagne, wani ƙaramin gari kusa da Montreal a lardin Kebek. Ita ce auta cikin 'ya'ya 14, kuma Faransanci ake yi a gidansu, Turanci sai da ta girma ta koya. René Angélil, wanda ya zama manajanta tun tana yarinya, gidansa ya jinginar don a buga faifanta na farko a 1981. Daga baya suka yi aure a 1994. Drake ɗan Toronto ne, haihuwar 1986, kuma kafin a san shi da waƙa ɗan wasan kwaikwayo ne a wani shirin talabijin na matasa. Shi kuwa Bieber a Stratford ya taso, mahaifiyarsa ce ke ɗora bidiyonsa a YouTube har wani mai farautar mawaƙa daga Amurka ya ci karo da shi.

To me ya kawo ruɗanin?

Kasuwa ce. Mutanen Kanada kusan miliyan 40 ne, maƙwabciyarta Amurka kuwa ta haura miliyan 330, kuma manyan kamfanonin faifai suna New York da Los Angeles. Duk mawaƙin da ke son duniya ta ji shi, sai ya tsallaka iyaka. Bieber ya koma Atlanta yana ɗan yaro. Drake ya sa hannu da kamfanin mawaƙin Amurka Lil Wayne a 2009. Celine ta shafe shekaru tana wasa a Las Vegas tun daga 2003. Ga shi kuma kunnen baƙo ba ya raba Turancin Toronto da na Chicago.

Gwamnatin Kanada ta zuba ido ne kawai ana kwashe mata mawaƙa?

Ko kusa. Tun a 1971 hukumar kula da gidajen rediyo da talabijin ta ƙasar, CRTC, ƙarƙashin shugabanta na farko Pierre Juneau, ta wajabta wa gidajen rediyo cewa kashi 30 cikin ɗari na waƙoƙin da suke sakawa su zama na gida. A ƙarshen shekarun 1990 aka ɗaga shi zuwa kashi 35. Gidajen da ke watsa shiri da Faransanci nasu ya fi tsanani: kashi 65 na waƙoƙin zamani masu baiti dole su kasance da Faransanci.

Abin da ya fi jan hankali shi ne yadda ake tantance waƙar gida. Abubuwa huɗu ake dubawa: wanda ya tsara kiɗan, wanda ya rera, inda aka naɗa, da wanda ya rubuta baitin. Idan biyu daga ciki na Kanada ne, waƙa ta tsallake. Ban da wannan akwai gidauniyar FACTOR da aka kafa a 1982, wadda ke ba ƙananan mawaƙa tallafin naɗar faifai da yawon wasa. Babbar lambar yabon waƙa ta ƙasar, Juno, don girmama Juneau ɗin nan aka sa mata suna.

Dokar ta yi amfani kuwa?

A ganina ta yi, amma ba ga manyan taurari ba. Drake bai buƙaci doka ta tilasta wa kowa jin sa ba. Waɗanda suka ci moriyarta su ne na tsakiya, mawaƙan da ke cika zauren wasa a Winnipeg ko Halifax suna ci da iyalinsu ba tare da Amurka ta san da zamansu ba, da kuma masu ɗakunan naɗar sauti da makaɗan da ke aiki a bayan fage.

Ta kuma taɓa jawo abin dariya. A 1991 Bryan Adams, ɗan Kanada gaba da baya, ya fitar da faifan da ya mamaye duniya, sai aka ce bai cika sharaɗin waƙar gida ba, saboda tare da wani furodusa baƙo ya rubuta waƙoƙin kuma akasarinsu ba a Kanada aka naɗa su ba. Surutu ya yi yawa har aka gyara ƙa'idar. Yanzu kuma da jama'a suka koma Spotify da YouTube, majalisar ƙasar ta zartar da sabuwar doka a 2023 don jawo kamfanonin intanet cikin tsarin.

Akwai 'yan asalin Afirka a cikinsu?

Akwai. The Weeknd, wato Abel Tesfaye, iyayensa 'yan Habasha ne, an haife shi a Toronto a 1990, kuma yana jin Amharik. A 2021 ya ba da dala miliyan ɗaya ta hannun Hukumar Abinci ta Duniya don waɗanda yaƙin Habasha ya shafa. K'naan kuma a Mogadishu aka haife shi, yaƙin basasa ya kori iyalinsa a 1991 suka yada zango a Toronto. Waƙarsa Wavin' Flag ce Coca-Cola ta ɗauka don gasar cin kofin duniya ta 2010 a Afirka ta Kudu, har mutane da dama suka zaci ita ce waƙar gasar a hukumance.

Ina alaƙarsu da Najeriya?

Wizkid yana cikin One Dance, waƙar Drake ta 2016 da ta hau matsayi na ɗaya a Amurka da Birtaniya, kuma ta buɗe wa kiɗan Afrobeats ƙofa ba kaɗan ba. A 2021 Bieber ya shiga sabon zubin Essence ta Wizkid da Tems. Tems ɗin ma lambar Grammy ta farko da ta samu a 2023 ta wata waƙa ce da muryarta ta haɗu da ta Future da Drake.