Waiwaye: Yadda matasan Kano suka karɓi makirufo

Muhawarar da ake yi a Kano kan matasan da ke magana a Facebook da TikTok ta rabu gida biyu. Wasu na cewa su ne muryar talaka, wasu na cewa sojojin baka ne da aka saya wa data. Abin da ke damuna shi ne kowane ɓangare na magana kamar jiya aka fara.

Farkon labarin sananne ne. Samari ne suka kafa jam'iyyar NEPU a Kano a 1950, suka bi lungu-lungu da waƙa da lacca suna kai koken talaka. A shekarun 1980 aka samu jaridun Triumph da Albishir da Alfijir ta ajami, ga talabijin ta CTV, ga marubutan adabin kasuwa, da yawansu mata, da suka ɗauko maganar auren dole da karatun 'ya mace.

Gaɓar da ba a cika tsayawa a kanta ba ita ce tsakanin 2001 da 2003. Tun 1992 doka ta ba 'yan kasuwa damar buɗe gidan rediyo, amma Kano ba ta samu nata na gida ba sai ƙarshen 2003 da Freedom Radio ta fara aiki a Sharaɗa, shekara biyu bayan shigowar wayar salula. Da can mai ƙorafi wasiƙa zai rubuta ya zauna jira. Sai ga shi mai shago a Kurna ko matar aure a Ɗorayi na bugo waya su ce kwatarsu ta toshe, ko an kama ɗansu ba bayani. To, wa zai je ya gani da ido? Yara ne, ɗaliban aikin jarida na Jami'ar Bayero da sauran makarantu da suka zo sanin makamar aiki. Su hau acaɓa da rakoda, su dawo da murya, edita ya saurara ya ce, "Ka ji ta bakin ɗaya ɓangaren?" In ba su ji ba, su koma cikin rana. Shekara da shekaru yaro na wannan zirga-zirga, har ya san bambancin zargi da hujja, ya san akwai sunan da ba a faɗa don kare mutuncin wanda aka zalunta. Ni a ganina nan aka yi makarantar da ta fi kowace tasiri, ko da yake ba ta da allo.

A Janairun 2012, lokacin zanga-zangar janye tallafin mai, matasa sun cika dandalin Silver Jubilee suna yaɗa abin da ke faruwa ta waya. A 2018 aka rage shekarun tsayawa takarar majalisar wakilai daga 30 zuwa 25.

Yau gidajen rediyo sun yi yawa a Kano, waya kuma ta ba kowa tasharsa, amma babu edita a cikin waya. Horon da ake yi a shekaru ya koma bitar kwana uku a otal: a ba da riga da kuɗin mota, tallafin shirin ya ƙare, kowa ya kama gabansa. Wanda ya jure aikin sa kai ba albashi, ranar da aure da kuɗin haya suka taso masa, duk wanda ya zo da ɗan abin hannu zai iya ɗauke shi. A nan muke asarar mafi ƙwazonsu, daidai lokacin da ya kamata su fara koyar da na bayansu.