Waiwaye: tun zamanin ringin ton aka fara yanka waƙa

Kwanakin nan duk inda ka leƙa muhawarar ɗaya ce, wai waƙoƙin yanzu sun lalace, minti biyu an gama, ba baiti ba labari sai amshi ɗaya da rawar da za a kwaikwaya a ɗauka da waya. Ni ma abin yana ci min rai wallahi, don ina son waƙar da zan zauna in bi baitocinta. Abin da ban yarda da shi ba shi ne yadda ake magana kamar kwana aka yi aka tashi da matsalar.

Tsawon waƙa dama tun asali na'ura ce ke yanka shi. Faifan garmaho na da kamar minti uku yake ɗauka a kowace fuska, dole mawaƙi ya tsaya nan. Labarin bidiyo kuma sananne ne, tashar talabijin ta bidiyon waƙoƙi MTV ta buɗe a Amurka ranar 1 ga Agustan 1981, Michael Jackson ya saki Thriller a 1983 mai kusan minti 14 kamar ƙaramin fim, YouTube ta zo a 2005, a Disamban 2012 Gangnam Style ya zama bidiyo na farko da aka kalla sau biliyan ɗaya. Wannan kowa na kawowa.

Zangon da ake tsallakewa shi ne na ringin ton, kuma a ganina nan ne gizo ke saƙar. A 1998 aka fara sayar da kiɗan kiran waya a Finland. Da farko ƙara ce kawai tit-tit-tit ba murya, wasu ma da kansu suke zama suna danna madannan waya ɗaya bayan ɗaya har su haɗa kiɗan, daga baya wayoyi suka iya ɗaukar ainihin muryar mawaƙi. To waya ai ba ta daɗewa tana ƙara, daƙiƙa ashirin ko talatin an ɗauka ko ta katse, don haka dole a yanko wurin da ya fi kama kunne a watsar da sauran. Kuma mutane suka riƙa biya ba tare da an tilasta musu ba. A Amurka lokacin cikakkiyar waƙa senti 99 ce a intanet, amma guntunta na ringin ton sai ka ba da dala biyu ko fiye. Ka ga duk mawaƙin da ya ga haka ya san inda kuɗi yake, sai aka fara gina waƙa daga amshi, baiti ya koma ciko. Mujallar Billboard har jadawali na musamman ta buɗe wa ringin ton a 2004.

A 2005 wani zanen kwamfuta mai kama da kwaɗo, Crazy Frog, da aka san shi ta tallan ringin ton, ya hau matsayi na ɗaya a jadawalin waƙoƙin Birtaniya ya bar ƙungiyar mawaƙa ta Coldplay a baya. Nan waƙar ce ta biyo bayan hoton da guntun ƙarar, ba su suka biyo ta ba.

Ina tuna wani abokina, in an kira shi a cikin mutane ba ya ɗauka nan take, sai ya ɗago wayar yana kallon allon yana gyaɗa kai har amshin ya kai ƙarshe, mai kira na can yana jira. Na taɓa tambayarsa baiti na biyu, ya ce bai taɓa jin waƙar gaba ɗaya ba. Shi guntun nan kamar riga ya ɗauke shi, abin da za a ji a san shi da shi, kuma mu da yawa haka muka yi.

Sai 2007, mawaƙin Amurka Soulja Boy yana ɗan shekara 16, ya haɗa kiɗan Crank That a kwamfuta, ya yaɗa ta da kansa a intanet, aka saki bidiyon koyar da rawar mataki-mataki, matasa suka dinga ɗaukar kansu suna yi suna sakawa. Waƙar ta yi mako bakwai a saman jadawalin Amurka, ringin ton ɗinta ya sayu sosai, kuma a lokacin ko ɗaya daga cikin manhajojin gajeren bidiyon da ake ta cece-kuce a kansu yau ba a ƙirƙira ba.