Singil ko fulezibul: abin da doka ta ce kan wayar wutar gida

Jama'a, musamman mu na ƙauyukan Kano da Jigawa da yanzu kowa ke jan wuta ko haɗa sola, dan Allah mu gane maganar waya. Akwai mai ƙwaya ɗaya a ciki wacce masu wayarin ke cewa singil, akwai mai sili bakwai a murɗe, sai fulezibul mai siraran sili kamar gashi. Doka bata haramta ko ɗaya ba, amma kowacce da gurbinta. Singil da mai sili bakwai su ake jan layin gida da su, a cikin fayif ko bango inda ba a motsa su. Fulezibul ta kayan da ake ɗagawa ce, dutsen guga, fanka ta tsaye, rediyo. Toh mu kuma sai a siyo fulezibul mai arha a zagaye gida da ita, a bi ta kan zana da azara, a ɗora mata hita da firji, wallahi wannan ne ke kawo gobarar da muke gani lokacin hunturu.

Hukumar NERC mai sa ido kan harkar wutar lantarki a Najeriya ta fitar da ƙa'idojin haɗa wuta a 2015, NEMSA kuma, hukumar da ke duba ingancin aikin haɗa wuta, ita ke da alhakin tabbatar da an bi su. A taƙaice wanda zai maka wayarin ya zama mai shaidar NEMSA, kuma a duba aikin kafin KEDCO, kamfanin raba wuta na yankinmu, ta jona maka layi. Ita waya kuma hurumin SON ce, hukumar tabbatar da ingancin kayayyaki, wacce aka ƙera a Najeriya tana ɗauke da tambarin inganci na MANCAP, wacce aka shigo da ita daga ƙasar waje sai da takardar shaida ta SONCAP, kuma dokar SON ta 2015 ta basu ikon kwace jabu su lalata.

Inda aka fi cutar mu shine kauri. Abin da aka saba, 1.5 na kwan fitila ne, 2.5 na soket, hita da makamantansu 4 zuwa sama. Lambar nan faɗin jan ƙarfen ciki take nufi a ma'aunin mm², ba robar waje ba, kaga sai a cika roba a rage ƙarfe a rubuta 2.5 a jiki. Wata ma alminiyam ce aka shafa mata jan ƙarfe, shi kuwa alminiyam kusan kashi 61 cikin 100 na abin da jan ƙarfe ke ɗauka yake iya ɗauka, shi yasa take zafi har roba ta narke. Ka kankare silin da wuƙa tun a shago, in ka ga fari a ciki ka ajiye musu kayansu.

Masu sola ku ma kar ku ce ai wutar volt 12 ce kawai bata jan mutum. Tsakanin batir da inbata ƙarfin da ke wucewa yana da yawa sosai, gurin yana son waya mai sili-sili mai kauri, gajera, da fis a kusa da batir, kuma a matse bakinta da kyau kar a bar sili ɗaya a waje.