Kiwon turke a zangunan Akra

Kiwon turke shi ne a ɗaure dabba wuri guda, ana kai mata ci da sha har ta yi ƙiba, sannan a sayar. A birnin Akra, babban birnin Gana, sana'a ce da ta yi ƙarfi a unguwannin Hausawa da sauran 'yan zango, irin su Nima, Mamobi, Sabon Zango da Madina. Galibi raguna ne da awaki, jifa-jifa kuma a ga mai sa ɗaya ko biyu. Mai ɗan fili a bayan gari yakan haɗa da kiwon sake, amma a cikin zango, inda gida ke jingine da gida, turke ne kawai mafita. Ga kuma dokar hukumomin birni da ta hana barin dabba tana yawo a titi. Wadda aka kama sai mai ita ya biya tara.

Dabbobin

Tumaki iri biyu ne suka fi yawa. Akwai gajerun tumakin kurmi da masana ke kira Jallonke, masu jure laima da cutar sammore da ƙudan tsando ke yaɗawa, sai dai ba su da girman jiki. Akwai kuma dogayen ragunan arewa, irin su uda da balami, waɗanda fatake ke kawowa a manyan motoci daga Burkina Faso, Mali da Nijar, yawanci ta garin Paga da ke kan iyakar Gana da Burkina Faso. Su ne masu tsada, su ne kuma masu saurin kwantawa idan damina ta yi nauyi. Yawancin wannan kaya yana sauka a kasuwar dabbobi ta Tulaku, kusa da garin Ashaiman a gabashin Akra, inda masu turke ke sayen ramammu da sauƙi ta hannun dillalai, a biya la'ada.

Abinci

Nan riba take, nan kuma asara take. Akra ba ta samun ruwa kamar Kumasi: abin da ke sauka a shekara bai cika wuce milimita 800 ba, a damina biyu, babba daga Afrilu zuwa Yuli, ƙarama wajen Satumba zuwa Nuwamba. Da hunturu ya shigo ciyawa ta bushe, farashinta ya hau. Shi ya sa yankan ciyawa ya zama sana'a mai zaman kanta. Samari na yanko ta a bakin rafi da filayen da ba a gina ba, su ɗaure dami-dami su kawo zango. Mai fili ko da rabin eka ne, in ya shuka ciyawa ya yanka tun tana ɗanya kafin ta yi fure, ya shanya ta zama ingirici, ya ajiye inda ruwa ba ya taɓawa, yakan ci riba biyu: ya ciyar da nasa, ya sayar wa maƙwabta lokacin tsada. Matsalar ita ce filin kansa, domin gine-gine na cinye gefen birnin, kuma kuɗin fuloti ya fi abin da ciyawa za ta kawo nesa ba kusa ba.

Abin da ke ceton mai turke a zango shi ne ragowar kicin da kasuwa: ɓawon rogo, ɓawon doya, ɓawon ayabar dafuwa, da dusar masara daga masu injin niƙa da masu dama koko. Ɓawon rogo sai an shanya shi, don ɗanyensa yana da guba. Ana ƙarawa da harawar gyaɗa ko ta wake da ake kawowa daga arewa, da gishiri ko kanwa. Matan gida sun fi kowa iya wannan lissafi, kuma da yawa daga cikin awakin zango nasu ne.

Kasuwa da lokaci

Ana sayarwa duk shekara, don ragon suna da hidimar biki da masu tsire, amma babbar kasuwa ita ce ta layya. Masu turke kan sayi rago wata uku zuwa shida kafin Babbar Sallah. Da yake shekarar Musulunci ta gaza ta bature da kimanin kwana 11, sallar tana zagaya damina da rani, don haka kuɗin ciyarwa na sauyawa daga shekara zuwa shekara. Ragon layya kuma dole ya kasance lafiyayye, ba gurgu ba, ba mai ido ɗaya ba, ba ramamme ba. Wanda ya riƙe rago yana jiran farashin jajibere yakan gamu da motocin arewa sun cika kasuwa, ya koma gida da shi ya ci gaba da sayen dusa.

Cututtuka

Mafi haɗari ita ce annobar tumaki da awaki da likitocin dabbobi ke kira PPR, mai zuwa da zazzaɓi, majina da gudawa, kuma tana da allurar rigakafi. Sai tsutsar ciki, kaska da ruɓewar kofato a turke mai laima. Gogaggun masu kiwo kan ware sabon rago da aka sayo daga kasuwa na kamar mako biyu kafin su haɗa shi da na gida.